Malamin da Sunansa Ba Ya Cikin Takardar Albashi: Sharhi a kan Ɗalibai Masu Koyar da 'Yan'uwansu a Jami'a

 Yau jami'a za mu leƙa.

Duk wanda ya taɓa zama a harabar Samaru ta Jami'ar Ahmadu Bello, ko tsohuwa da sabuwar Jami'ar Bayero a Kano, ko Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ko ta Maiduguri, ya san karatu iri biyu ake yi a can. Akwai na rana, wanda malami zai shigo babban ɗakin lakca ya yi awa biyu ya fita. Akwai kuma na bayan la'asar, da bayan isha'i, da ranakun Asabar da Lahadi, wanda ɗalibai ke kira tutoriyal. Mai tsayawa gaban allo a wannan karatu na biyu ɗalibi ne. Wataƙila ɗan aji uku ne, wataƙila ma aji ɗaya suke da waɗanda yake koya wa, Allah ne dai ya buɗe masa kai. Shi ke neman ajin da ba kowa, shi ke sayen abin rubutun allo, in wuta ta ɗauke a haska masa da fitilar waya ya ci gaba. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi tana shirya irin wannan, ƙungiyoyin ɗalibai Kirista suna yi, haka ƙungiyoyin sassa da na 'yan jiha ɗaya. Da za a tambayi likitoci da injiniyoyi da lauyoyinmu na yau wa ya tsallakar da su lissafi ko kimiyyar sinadarai na aji ɗaya, da yawansu sunan wani ɗalibi za su fara ambata kafin na farfesa.

Abin da sharhinmu ke son faɗa shi ne: wannan aiki ne na gaske, yana da ƙa'idojinsa, yana da haɗarinsa, kuma lokaci ya yi da jami'o'inmu za su daina kallonsa a matsayin taimakon kai da kai na yara, su rungume shi.

Me ya sa ɗalibi ke buƙatar ɗalibi alhali ga malamai? Dalili na farko yawa ne. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta tsara cewa a fannin kimiyya malami ɗaya ya riƙe ɗalibai 20, a fannin adabi da zamantakewa 30, a fannin likitanci 10. Wannan a takarda ke nan. A 2012 kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ƙarƙashin Farfesa Mahmud Yakubu don duba buƙatun jami'o'in gwamnati ya iske malamai dubu 37 da ɗoriya ne ke ɗauke da ɗalibai sama da miliyan ɗaya da dubu 200, kuma rabon ba daidai yake ba daga jami'a zuwa jami'a. Inda abin ya fi tsanani shi ne darussan aji ɗaya da ake tara sassa da yawa wuri guda. Ɗaruruwan mutane a ɗaki ɗaya, wasu a kan taga, wasu a tsaye a bakin ƙofa, na baya ba ya jin abin da ake faɗa. Malamin nan ko da ya fi kowa ƙwazo, ba shi da halin duba littafin kowa ya ga inda ya karkace. Ga yajin aiki: na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. In an dawo sai a matse zangon karatu, abin da ya kamata a koyar cikin natsuwa a zuba shi a guje.

Dalili na biyu ya fi na farko zurfi, wato kunya. Yaron da ya fito daga sakandaren gwamnati a ƙauye, wanda bai taɓa riƙe kwalbar gwaji a ɗakin kimiyya ba, ya zauna kusa da wanda ya fito daga makarantar kuɗi. Malami ya ce, "Akwai mai tambaya?" Wa zai ɗaga hannu a gaban mutum ɗari biyar ya ce tun daga layin farko ya ɓata, da Turancin da yake tsoron a yi masa dariya? An ce matambayi ba ya ɓata, amma sai in ya sami wanda ba ya jin nauyin tambaya. A gaban ɗan'uwansa ɗalibi yakan iya cewa, "Don Allah ɗan maimaita, wallahi ban gane ba." Shi kuma ya juya masa bayanin da Hausa, ya kawo misali da abin da ya sani, in ya zauna sannan a mayar da shi Turanci yadda za a rubuta a jarrabawa. Haka abin yake a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da ta Maraɗi da ta Damagaram, inda Faransanci ke tsaye a wurin da Turanci yake tsaye a nan.

Akwai kuma abin da ɗalibi ya fi farfesa da shi, ba don ya fi shi ilimi ba. Farfesan da ya shekara 20 yana koyar da darasi ɗaya ya riga ya manta yadda rashin saninsa yake. Matakai uku yakan haɗe su a numfashi ɗaya, don a wurinsa abu ɗaya ne. Wanda ya ci darasin bara kuwa, har yanzu yana tune da daidai wurin da ya yi tuntuɓe, ya san ramin da na bayansa zai faɗa. Wannan shi ne jarinsa.

Masu sauraro, mu ba baƙin wannan tsari ba ne. A tsangaya alaramma ba ya bin kowane allo da kansa. Gardi ne ke biya wa titibiri da ƙolo, ya duba rubutu, ya saurari hadda, alaramma yana sama yana lura. A makarantun zaure ma, bayan malam ya tashi, manyan ɗalibai kan zauna su yi wa ƙanana bita. Mafi kyawun misali shi ne na Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. A tsarinta na 'Yan Taru, takan zaɓi mata dattijai masu amana, waɗanda ake kira jaji, su zo wurinta su koya, ta ɗora musu malfa alamar an yarda da su, su koma garuruwansu su koyar da 'yan'uwansu mata, sannan su sake dawowa da tambayoyin da suka gagare su. A lura da abubuwa huɗu a nan: an zaɓa, an horar, an ba da shaida, an kuma ci gaba da bibiya. Su ne abubuwa huɗun da tutoriyal ɗin jami'o'inmu ya rasa.

Wasu ƙasashe sun mayar da wannan aiki tsari mai ofishi. A 1973 wata malama mai suna Deanna Martin, a Jami'ar Missouri da ke birnin Kansas a Amurka, ta fuskanci yawan faɗuwar ɗalibai a wasu darussa. Hikimar da ta yi ita ce, ba ta je neman raunanan ɗalibai ba. Darussa masu kayar da mutane ta nema, waɗanda kusan kashi 30 cikin 100 na masu ɗaukarsu ke faɗuwa, ko su tsira da ƙyar, ko su janye. Kowane irin wannan darasi sai a haɗa shi da ɗalibin da ya riga ya ci shi da kyau. A horar da shi, ya koma yana zama a lakcar tare da sababbi, sannan a mako ya riƙa jagorantar zaman bita wanda ƙofarsa a buɗe take ga kowa, mai ƙoƙari da mai rauni. Tunda kowa na zuwa, babu wanda za a nuna a ce ga daƙiƙi can ya tafi a taimake shi. Tsarin ya bazu zuwa Ingila da Ostareliya da Afirka ta Kudu, inda jami'o'i ke da cibiyoyin tallafa wa karatu masu kula da wannan aiki.

A shekarun 1970 ɗin nan dai, wani malamin lissafi, Uri Treisman, a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya so ya gano abin da ya sa ɗalibai baƙar fata masu ƙwazo ke faɗuwa lissafin aji ɗaya, 'yan asalin Sin kuwa suna ci. Ya bi rayuwar ɗalibai 20 daga kowane ɓangare. Abin da ya gani ba lalaci ba ne. Na farkon kowa shi kaɗai yake kulle kansa ya yi ta fama. Na biyun kuwa, bayan kowa ya yi nasa, sai su taru su duba aikin juna, su yi gardama, su gyara wa juna. Da ya kafa zaman aiki na rukuni, bai kira shi ajin masu rauni ba, tambayoyi masu wuya ya riƙa ba su, sakamakon kuwa ya sauya.

To, shi wannan aiki yaya ake yinsa? A nan ne mafi yawan masu tutoriyal ɗinmu ke kuskure da kyakkyawar niyya. Gwanin aji ya hau gaban allo, ya ɗauko tambayoyin jarrabawar shekarun baya, ya warware su ɗaya bayan ɗaya cikin sauri, mutum 200 suna kwafa, a tashi ana cewa, "Kai, wane ƙwaro ne!" Kowa ya koma ɗaki yana jin ya gane. Ranar jarrabawa malami ya ɗan juya tambayar, sai ido ya raina fata. Abin da aka yi a daren nan lakca ce ta biyu, kuma kallo aka sha. Uwar da kullum ke karɓe muciya daga hannun 'yarta don kada tuwo ya yi gudaji, za a ci tuwo mai laushi a gidan, amma ranar da yarinyar ta tsaya ita kaɗai gaban tukunya za a gane ba ta koyi komai ba.

Wanda aka horar, da tambaya yake farawa: "Nuna mini inda ka tsaya." Sai ya miƙa wa ɗalibin abin rubutu, shi ya koma gefe. In ya yi tambaya ba ya gaggawar amsa wa kansa, yakan jure shirun nan mai nauyi har wani ya motsa. In aka jefo masa tambaya yakan mayar wa rukunin: "Wa ke da ra'ayi? Me malam ya ce a kan wannan ranar Talata? A buɗe littafi mu gani." In ɗalibi ya ce ya gane, sai ya ce, "Madalla, to yi wa wance bayani da bakinka." In aka kawo masa aikin gida ko rubutun bincike, zai nuna inda hujja ta yi rauni da inda jimla ta karye, amma ba zai ɗauki biro ya rubuta wa mutum ba. Sannan dole ya iya furta magana mafi wuya a bakin gwani: "Wannan ban tabbatar ba, bari mu koma wurin malam." Ma'aunin nasararsa shi ne a wayi gari ɗalibin ba ya nemansa.

Akwai wani ɓangare na aikin da ba a rubuta shi a ko'ina ba. Mai koyar da 'yan'uwansa shi ke fara ganin abin da ke bayan faɗuwa. Wani ba lissafi ne ya gagare shi ba, tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Wata kuɗin rajista ne ya hana ta barci. Wani an tura shi fannin da ba ya so ne, zuciyarsa na wani wuri. Wani kuma damuwa ce ta kai shi ga daina fita daga ɗaki. Ɗalibi ɗan shekara 21 ba likita ba ne, ba kuma shi zai biya wa kowa kuɗin makaranta ba. Abin da ake so ya sani shi ne riƙe sirri, da kuma ƙofar da zai nuna: ofishin kula da harkokin ɗalibai, sashen ba da shawara, asibitin makaranta, ko malamin da ke kula da ajin. In ba a koya masa wannan ba, ko dai ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa, ko ya mayar da sirrin mutane hirar ɗakin kwana.

Shi kuma me yake samu? Abu na farko, ilimin kansa ne ke zama daram. A 2014 wasu masu bincike a Jami'ar Washington da ke St. Louis sun ba rukuni biyu rubutu ɗaya su karanta. Aka ce wa na farko jarrabawa za a yi musu, aka ce wa na biyu koyar da wani za su yi. A ƙarshe duka jarrabawar aka yi musu, babu wanda ya koyar da kowa, amma waɗanda suka yi karatu da niyyar koyarwa sun fi tuna muhimman abubuwa, sun kuma fi tsara su. Malamanmu na zaure sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke sa ɗalibi ya karantar da littafin da ya sauke. Bayan wannan akwai iya magana a gaban jama'a, da haƙuri, da iya tafiyar da mutane. Da yawa daga cikin malaman jami'a na yau a gaban allon tutoriyal suka fara gane cewa koyarwa ce sana'arsu.

Amma kada mu rufe ido a kan ɓarnar da ke biyo bayan aikin da ba mai kula da shi. Mai tutoriyal na iya koyar da kuskure, mutum 100 su kwafa su kai ɗakin jarrabawa, ba wanda ya duba. Wani yakan mayar da abin kasuwa, ya tsuga kuɗi, talakan da aka fara abin dominsa ya koma leƙe ta taga. Daga nan taki ɗaya ne zuwa rubuta wa mutane aikin gida da kundin kammala digiri a biya, ko ma shiga jarrabawa a madadin wani, abin da ke jawo kora daga makaranta. Wani farin jini yake tarawa don zaɓen ƙungiyar ɗalibai. Wani kuma, mu faɗi gaskiya, 'yan mata yake farauta da sunan taimako. Akwai kuma na kirki wanda ba ya iya cewa a'a, ana buga masa ƙofa har tsakar dare, ya tsallakar da kowa shi makinsa ya zube.

Sai batun mata, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Tutoriyal ɗin da ake farawa ƙarfe tara na dare, an riga an cire matar aure mai goyo, an cire budurwar da ke zuwa daga cikin gari wadda dole ta koma gida kafin magariba. Ko a zaman rana, in maza suka cika wuri da hayaniya, da yawa daga cikin mata ba sa buɗe baki. Akwai ɗalibai mata masu kaifin basira a kowane sashe, sai dai ba kasafai ake tura su gaban allo ba. Jami'ar da ta san aikinta za ta neme su da gangan, ta kuma sanya lokutan rana.

To mene ne abin yi? Ba gini mai hawa uku ake nema ba. Kowace tsangayar jami'a ta duba sakamakon shekarun baya, ta fitar da darussan da suka fi kayar da ɗalibai, ta fara da su. Malaman darussan su zaɓi ɗaliban da suka ci da kyau, masu hali, ba masu maki kawai ba. A yi musu horo na kwana biyu ko uku kafin zango ya fara: yadda ake tambaya, yadda ake tafiyar da rukuni, iyakar taimako da satar amsa, da yadda ake mu'amala tsakanin maza da mata. A ware azuzuwa da lokaci a cikin jadawalin makaranta, rukuni ya zama ƙarami yadda kowa zai yi magana. A ƙayyade awannin da kowa zai yi a mako don kada karatunsa ya taɓu. A sa malami ɗaya ya riƙa leƙawa, a kuma buɗe hanyar kai ƙara. Duk mako mai koyarwar ya gaya wa malamin darasin, "Ranka ya daɗe, wuri kaza ne yara suka fi ruɗewa," ba tare da ambaton sunan kowa ba. Malamin da ke gaban mutum ɗari biyar ba shi da wata hanyar jin wannan labari da ta fi wannan.

Sannan a biya. Yaba kyauta tukwici. In babu kuɗin alawus, a rage masa kuɗin rajista, ko a ba shi gado a ɗakin kwanan ɗalibai, a kuma ba shi takardar shaida mai hatimin jami'a wadda zai nuna wurin neman aiki. Wasu za su ce ai don Allah ake yi, kuɗi zai ɓata niyya. Ladan Allah yana nan, ba ya hana haƙƙin gumi. Limami da ladan ma al'umma na kula da su. Barin aikin a kyauta yana nufin wanda iyayensa ke da hali ne kawai zai iya ba da lokacinsa, ɗan talaka mai basira kuwa ya tafi neman abin da zai ci. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da attajiran da ke gina ƙofar shiga da sunansu a sama, ga wurin da kuɗi kaɗan zai yi aiki mai yawa. Su kuma ƙungiyoyin ɗalibai da suka riƙe wannan aiki shekara da shekaru, kada a ture su gefe. A jawo su ciki, su suka san hanya.

Wani zai ce, ashe ba hanya ce ta ɗauke wa gwamnati nauyin ɗaukar malamai ba? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma a'a. Ɗalibi ba ya maye gurbin malami, ba ya tsara darasi, ba ya ba da maki. Jami'o'in da ke da wadatar malamai ma suna da irin wannan tsari. A ci gaba da matsa wa hukuma ta ɗauki malamai ta gyara azuzuwa. Amma yaron da ya shiga aji ɗaya bana ba zai jira a gama wannan gwagwarmaya ba, jarrabawarsa watanni kaɗan suka rage.

Saboda haka kiranmu ga shugabannin jami'o'i da na kwalejojin ilimi da na fasaha: ku nemi sunayen waɗannan ɗalibai, kuna da su a kowane sashe, ku horar da su, ku kula da su, ku saka musu. Ga iyaye: in ɗanku ya ce yana zuwa tutoriyal, ku tambaye shi ko shi ma yana riƙe biro ya gwada, ko kallo kawai yake yi. Ga sabon ɗalibi: kada ka bari sai saura mako ɗaya jarrabawa, ka je tun farkon zango, ka je da abin da ka gwada ya ƙi. Kai kuma ɗan'uwa, ke kuma 'yar'uwa, da kuke tsaye gaban allo, a zamanku na gaba ku rage magana, ku miƙa abin rubutun ga wanda ya fi kowa yin shiru. Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a karatunku.